Doki 495, Amma Buhun Siminti Huɗu Sun Yi Mata Yawa: Nawa Ne Lodin Motar Gudu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ga yadda ake loda Golf, mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a hangame an ɗaure kaya da igiya, dariya zai yi idan aka ce masa akwai motar da kuɗinta zai sayi irin wannan Golf ɗin da yawa, amma ƙarti biyu sun yi mata yawa. Akwai ta kuwa, kuma ba ɗaya ba ce.

Motocin da nake nufi su ne ƙananan motocin gudun nan da ke kwance a ƙasa, galibi masu kujera biyu, waɗanda aka ƙera don jin daɗin tuƙi, ba don kai iyali ƙauye ba. Bari mu ɗauki wadda ta fi kowacce kasuwa a cikinsu, Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. A 1989 ta fito, a Hiroshima ta Japan ake ƙera ta, kuma a 2016 kamfanin ya fitar da ta miliyan ɗaya. Idan ka samu wadda aka yi wa kasuwar Amurka, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai takarda a manne. Abin da ta ce shi ne jimlar nauyin mutane da kaya kada ta wuce kilo 154, wato laba 340 a awon Amurkawa. Har da direba a cikin lissafin. Buhun siminti uku ke nan, da ragowar kilo huɗu.

To, alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka sun nuna cewa matsakaicin nauyin namiji baligi a ƙasar ya kai kusan kilo 90, na mace kuma kusan kilo 77. Ka haɗa miji da mata, kilo 167. Sun riga sun wuce kafin uwargida ta ɗauko jakar hannunta. Abokai biyu maza kuwa sun haura da kusan kilo 26. Ma'ana, motar da aka sayar da ɗaruruwan dubbai a Amurka, a takarda, ba ta iya ɗaukar matsakaitan Amurkawa biyu.

Kada a ce ai don ƙarama ce mai ƙaramin inji. Chevrolet Corvette ta wannan zamanin, wadda aka mayar da injinta bayan direba tun samfurin 2020, ta fito da ƙarfin doki 490 zuwa 495. Takardar ƙofarta kan nuna kilo 192. Buhun siminti huɗu sun wuce mata. Nan ne kuskuren farko da yawancinmu muke yi yake: muna auna lodi da ƙarfin inji. A tasha, idan mota ta ja, shi ke nan ta ɗauka. Inji kuwa shi ne na ƙarshe da zai koka. Corvette za ta ja kilo 500 ba tare da injinta ya san an yi ba. Masu jin jiki suna ƙasa: taya, sifirin, shokozoba da birki.

Daga ina wannan lamba ta fito? Kowace mota tana da nauyi mafi girma da kamfanin ya amince ta kai idan an haɗa komai, ita kanta da mai da mutane da kaya. A motocin Amurka an rubuta shi da haruffa huɗu, GVWR, a wata takarda kusa da waccan, tare da wasu lambobi biyu masu nuna iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka, kowanne daban. Idan aka cire nauyin motar da tankinta cike, da nauyin kayan ƙari da kamfanin ke sakawa, abin da ya rage shi ne rabon mutane da kayansu. Saboda haka man da ke cikin tanki ba ya cikin kilo 154 ɗin nan, an riga an ƙirga shi. Amma jarkar fetur mai lita 25 da ka ajiye a but tana ciki, kuma ta kusa kilo 20 ita kaɗai.

Dokar Amurka ba ta ce wa kamfani ga lambar da zai rubuta ba. Mafi ƙarancin lambar kawai ta shata masa: dole ne a ware laba 150, wato kilo 68, ga kowace kujera, sannan a ɗora abin da aka yarda na kaya. Yi lissafin da kanka. Kujera biyu, kilo 136. Cire shi daga 154, saura kilo 18. Wannan shi ne kayan da Mazda ta yi tunanin za ka ɗauka: akwati ɗaya madaidaici. Ba wani sirrin injiniyanci ne ya haifi 154 ba, mutum biyu ne na takarda da jakarsu.

Shi kuma mutumin takardar nan mai kilo 68 tsoho ne, an auna shi tun zamanin da mutane ba su yi ƙibar yau ba. Hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta gane haka, shi ya sa a ƙarshen 2011 ta ɗaga nauyin da ake ƙiyasta wa kowane fasinjan jirgin ruwa zuwa laba 185, kusan kilo 84, jirage da dama suka rage yawan mutanen da suke ɗauka. A mota ba a taɓa lambar ba. Turawan Turai sun ɗan fi sassauci, su kilo 75 suke ƙirga wa direba idan za su faɗi nauyin mota a shirye take ta tashi. Wannan ma wani tarko ne ga mai kwatanta motoci a intanet: mota ɗaya za ka gan ta da nauyi biyu, ɗaya da direba a ciki, ɗaya babu, bambancin kilo 75 cif.

Ita kanta takardar ƙofar, a siffar da take yanzu, jini ne ya kawo ta. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa ana cikin gudu, motoci suna kifewa, mutane suna mutuwa. A watan Agustan 2000 aka janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa. Kamfanonin biyu suka yi ta nuna wa juna yatsa, kuma cikin abubuwan da aka yi jayayya a kai har da iskar taya: Ford ta ba da shawarar 26 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, Firestone ta ce 30 ya kamata. Yawancin haɗurran a jihohi masu zafi suka faru. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira TREAD, daga cikinta aka samu wajabcin rubuta lodi da iskar taya a fili inda direba zai gani, da kuma na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iska ta ragu. Explorer ba motar gudu ba ce, amma abubuwa huɗun da suka haɗu a labarinta, nauyi da ƙarancin iska da gudu da zafi, su ne dai za mu sake gamuwa da su nan gaba.

Yanzu ga tambayar da kowa ke son amsarta: idan ƙarti biyu masu kilo 95 suka shiga MX-5, karyewa za ta yi? A'a. Kullum ana yi, kuma motocin suna nan suna yawo. Dubi tayarta ma. Wadda ke zuwa da ƙafa mai inci 17 tana ɗauke da rubutu 205/45 R17 84W. Lambar 84 ɗin nan ita ce ma'aunin lodi, kuma ma'anarta kilo 500 kowace taya. Huɗu, kilo 2,000. Motar kuwa nauyinta kusan kilo 1,060 ne, ka ɗora 154, ba ta kai 1,250 ba. Akwai rata mai faɗi.

Amma kada ratar nan ta ruɗe ka. Kilo 154 ba inda mota ke karyewa ba ne, inda alkawarin kamfani ya tsaya ne. Duk gwajin da aka yi mata, nisan da take tsayawa idan an taka birki, yadda take shan kwana, yadda kwamfutarta ke kama ta idan ta fara zamewa, yadda jikinta ke lanƙwashewa a karo, a cikin wannan iyaka aka yi shi aka sa hannu. Bayan iyakar, motar tana tafiya, amma kai ne kake gwajin da kanka, da jikinka. Kuma ratar da injiniya ya bari ba don ka cika ta da kaya ya bar ta ba. Ya bar ta ne don ramin da ba ka gani ba, da tayar da ta yi sanyi ba ka lura ba, da akuyar da za ta faɗo titi kana kan 120.

Abin da ya sa maganar ta fi tsanani a motar gudu fiye da sauran motoci shi ne rashin nauyinta. Kilo 154 a kan Land Cruiser mai kilo 2,500 kusan kashi 6 cikin ɗari ne, ko a jikinta. A kan MX-5 ya haura kashi 14. Mazda na kwatanta motar da wata tsohuwar magana ta Japanawa da ke nufin doki da mahayinsa sun zama jiki ɗaya, kuma Bahaushe bai buƙaci a yi masa dogon bayani a nan ba. Wanda ya san sukuwa ya san dalilin da ya sa yara marasa jiki ake ɗorawa a kan dokin tsere, ya kuma san ba wanda ke ɗora wa angarma mangala don ya ga yana da ƙarfi. Injiniyoyin motar nan giram-giram suka riƙa bi suna ragewa, har noti huɗu suka sa wa kowace ƙafa maimakon biyar. A tseren motoci na Formula 1 kuwa, nauyin direba ya yi tasirin da har sai da aka kafa doka a 2019 cewa direba da kujerarsa kada su gaza kilo 80, don direbobi su daina azabtar da kansu da yunwa. Motar da aka gina a kan wannan tunanin, buhun shinkafa ɗaya a but yana canja mata hali.

Wanda ke fara nunawa shi ne sifirin. Mota mai kwanciya a ƙasa ba ta da wurin lotsawa mai yawa. Tsakanin cikin MX-5 da ƙasa bai wuce santimita 14 ba, tazarar da ƙafa ke da ita ta yi sama kafin ta bugi robar da ke tare ta kuma gajeriya ce. Kowane kilo da ka ƙara yana cin wani abu daga wannan tazarar tun motar tana tsaye. Idan ta cinye, ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu, babu sauran abin da zai shanye bugun, sai ya tafi kai tsaye cikin jikin motar. A miƙaƙƙiyar hanya, abin bai wuce ƙara da ciwon baya da salansa mai gogar ƙasa ba. A tsakiyar kwana kuwa magana ce daban, domin ƙafar da ta bugi robar nan takan yi tsalle, tayar da ta rabu da kwalta ko na ƙiftawar ido ne kuwa ba ta riƙe komai. Ga kuma ƙananan abubuwa da ke biyo baya: baya ya zauna, fitilun gaba su ɗaga su riƙa kashe wa masu tahowa ido, tayoyin baya su karkace su riƙa cinyewa ta ciki.

Birki ya fi wuyar fahimta, don akwai wata gaskiya ta kimiyya da masu gardama ke fakewa da ita. Sukan ce mota mai nauyi ta fi danne tayarta a ƙasa, saboda haka ta fi riƙo, nauyin da ya ƙara mata wahalar tsayawa shi ne ya ƙara mata riƙon, an yi kunnen doki. A allo haka ne. A kwalta ba haka ba ne, domin roba ba ta biyan bashi daidai. Idan ka ƙara wa taya nauyi kashi 20, riƙon da za ta ƙara bai kai kashi 20 ba. Kullum da ɗan giɓi, kuma giɓin yana faɗaɗa yayin da nauyin ke ƙaruwa. Wannan giɓin shi ne 'yan mitocin da ke ƙaruwa kafin ka tsaya, shi ne kuma dalilin da motar da aka loda ke buɗewa waje a kwanar da ta saba sha lafiya.

Sai zafi. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi, kuma yawan zafin yana bin nauyi kai tsaye, amma yana bin gudu ninki a kan ninki. Ka ƙara nauyi kashi 15, zafi ya ƙaru kashi 15. Ka tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 140, zafi ya kusa ninkawa biyu. Su biyun kuma ba tarawa ake yi ba, ninka juna suke yi. Taka birki sau ɗaya ba matsala. Matsalar tana gangare mai tsawo, irin hanyar da ke saukowa daga Jos ta Hawan Kibo, ko tuƙin ganganci inda ake taka totur ana taka birki a jere. Faifan birki ya yi ja, man birki ya tafasa. Sabon mai samfurin DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma yana shan danshi daga iska, wanda ya tsufa kan iya tafasa a digiri 155. Da ya tafasa, feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso. Su nawa ne a cikinmu suka taɓa canja man birki ba don ya zube ba?

Mu koma kan taya, don a ganina nan ne ainihin haɗarin yake, kuma nan ne ratar da muka gani ɗazu ke narkewa. Kilo 500 ɗin da lambar 84 ta yi alkawari, sai taya tana da iska kusan 36 take cika shi. Mazda kuwa 29 ta ce a sa wa MX-5, don riƙo da laushin tafiya. Tun nan alkawarin ya ragu. Idan taya ta yi sanyi zuwa 22 ba ka sani ba, kuma tayoyin nan masu gajeren gefe ba sa nunawa a ido, ya sake raguwa. Sannan nauyin mota ba ya zama raba-daidai a kan ƙafa huɗu idan tana tafiya. A kwana mai tsanani kusan duka yana komawa kan tayoyi biyu na waje, a birki mai ƙarfi ya koma kan na gaba. Harafin da ke bayan lambar ma yana da nasa sharaɗin. W na nufin kilomita 270 a awa, amma cikakken lodi sai zuwa 240, daga nan yana raguwa har ya koma kashi 85 cikin ɗari. V na nufin 240, cikakken lodinta ya tsaya a 210. Ma'ana, tun a wurin masu yin taya, lodi da gudu ciniki ne: ka ƙara ɗaya, ka rage ɗaya.

Abin da ke kashe taya shi ne lanƙwasa. Duk juyi ɗaya, gefenta yana lotsawa ya miƙe. Nauyi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, lotsawar ta ƙaru, gudu ya ƙaru, yawan lotsawar a minti ya ƙaru, kowace lotsawa kuma zafi ce. Idan zafin ya kai wani matsayi, robar ta saki wayoyin da ke cikinta. Ba ta sallama. Shi ya sa motocin Jamus, inda akwai manyan hanyoyin da ba su da iyakar gudu a wasu sassa, kan zo da iskar taya kala biyu a rubuce, ta rabin lodi da ta cikakken lodi. A can ɗin kuma 'yan sanda na iya kai ƙaramar mota kan sikeli, tara tana farawa daga wuce iyaka da kashi 5 cikin ɗari.

Nawa ka ɗauka tambaya ɗaya ce, ina ka ajiye shi tambaya ce ta biyu. An raba nauyin MX-5 rabi gaba rabi baya, mutanen ciki kuma suna zaune kusa da tsakiya, don haka nauyin fasinja bai cika ɓata rabon ba. But ɗinta kuwa yana can bayan ƙafafun baya. Lita 130 ne, kuma a kula, lita awon wuri ne, ba na nauyi ba. Ka cika shi da tufafi, ba ka kai kilo 25 ba. Ka cika shi da ruwan leda ko tayil, ka doshi kilo 100, duk a kan wutsiya, gaba ya yi sakayau, sitiyari ya yi sauƙin da ba na alheri ba. Kilo 60 a kujerar fasinja da kilo 60 a but ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan.

Porsche 911 ta juya lissafin. Injinta yana bayan ƙafafun baya, kusan kashi 60 na nauyinta a can yake, but ɗinta kuma yana gaba, lita 132 a samfurin da ya fito a 2019. Ita jaka a but ba ta cutar da ita, tana ma ɗan danne mata hanci. A samfurin nan tana da kujeru huɗu, ko da yake na bayan sai yara ko wanda kuke gaba da shi, kuma saboda kujerun nan lodin da aka yarda mata ya kai kusan kilo 450. Kamfanin har ya yarda a ɗora kilo 75 a kan rufinta da marikin da ya dace. Sai dai kilo 75 ɗin daga cikin jimlar yake fita, ba ƙari ba ne, kuma kaya a sama yana ɗaga cibiyar nauyin motar da aka kashe dukiya don a kwantar da ita ƙasa. Wannan ya nuna babu amsa ɗaya ga duk motocin gudu. Masu kujera biyu galibi suna tsakanin kilo 150 da 250, masu ƙananan kujerun baya sukan haura haka sosai. Tambayar ba ta da amsa sai a jikin ƙofar motar da ke gabanka.

Akwai lodin da sikeli bai isa ya bayyana haɗarinsa ba, shi ne mutum na uku a mota mai kujera biyu. Ko yaro ne mai kilo 20, ko jimlar ba ta kai iyaka ba, babu bel ɗinsa, kuma yana zaune ne a bakin jakar iskar da ke fashewa da ƙarfin da aka auna don ƙirjin babba. Mutum-mutumin da ake gwajin karo da shi, na matsakaicin namiji, kilo 78 ne, yana zaune shi kaɗai a kujerarsa. Gwajin da kamfani ke sa hannu a kai ba a yin sa da wani a cinyar wani. Mu da muka saba ganin biyu a gaba mun daina jin abin a matsayin ganganci, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuwa tun kafuwarta a 1988 take fama da wannan ɗabi'a. A ranar ɗaurin aure, lokacin da samari ke fito da motoci ana wasa da su, an cika ciki wasu sun zauna a kan ƙofa, nan ne nauyi da gudu da juyi na ba-zata ke haɗuwa wuri guda.

Irin waɗannan motoci kan shigo mana ne a matsayin tokumbo, da yawa daga Amurka ta tashar Legas ko Kwatano, kuma lambar da ke ƙofarsu an rubuta ta ne don sabuwar mota, mai sabuwar shokozoba, a kan hanya mai kyau. Motar da ta shekara goma sha biyu, sifirin ɗinta ya gaji, ta zo ta haɗu da rana mai digiri 42 ta watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda kwalta ke ƙona tafin ƙafa, ba ta da wannan ratar gaba ɗaya. Ga tayoyin da muke saye na hannu, waɗanda ba mu duba komai a jikinsu sai zanen. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe masu faɗin ranar haihuwarta: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. Akwai kuma lambar lodin. Mai taya zai ce maka girmansu ɗaya, ta shiga daidai. Ta shiga, amma idan an cire 91 an sa 87, an sauko daga kilo 615 zuwa 545 a kowace ƙafa, ba wanda ya gaya maka. A ganina, mai irin wannan mota a ƙasarmu kamata ya yi ya ɗauki lambar ƙofar a matsayin rufin ɗaki, ya zauna ƙasa da ita.

To ƙartin nan biyu masu kilo 95 fa, su haƙura? Ba zan yi ƙaryar cewa kilo 36 da suka haura zai kifar da su a hanyar zuwa masallacin Juma'a ba. A cikin gari, da tayoyi masu lafiya da iska daidai, a gudun hankali, abin da za su gani bai wuce mota ta ɗan zauna, ta ƙara shan mai, ta riƙa gogar tudu ba. Abin da ba su da shi kuma shi ne ikon tuƙa ta a matsayin motar gudu. Sun sayar da wannan da nauyinsu. Idan suka hau babbar hanya da tsakar rana, but cike, allura a kan 160, suna cin bashin da taya ce za ta biya. Wanda kuma ya san shi da abokin tafiyarsa kullum za su haura iyaka, gaskiyar magana ba motarsa ba ce, ya nemi mai kujera huɗu.

Lissafin kansa ba ya cin minti biyu. Ka karanta lambar ƙofa, ka cire nauyinka na gaskiya, ba wanda kake faɗa wa mutane ba, ka cire na abokin tafiya, abin da ya saura shi ne kaya. Duk abin da aka ƙara wa motar bayan ta bar kamfani yana cikin kayan nan: manyan lasifikun da ake girkewa a but, ƙarin batir, akwatin sifana. Idan mai fenti ya ɓamɓare takardar, kamar yadda yakan faru da motocin da aka gyara bayan haɗari, lambar tana cikin littafin motar, kuma kamfanoni da yawa sun sa littattafan a intanet kyauta.

Akwai wani abu guda da lissafin zai tilasta maka ka yanke shawara a kai. MX-5 ta yanzu ba ta zuwa da safaya. Ɗan famfo ne da gorar ruwan liƙe huji, don a rage nauyi, kuma ruwan ba ya maganin tayar da rami ya tsaga ta gefe. Ba mai hankalin da zai kama hanyar Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, babu safaya da jak. Ka saye su ka saka, sun kusa kilo 20, sun kuma cinye mafi yawan but ɗin. Kilo 18 ɗin da Mazda ta ware wa akwatinka ke nan, sun tafi tun ba ka ɗauko ko hula ba.